Mita goma: littafin neman wurin harbin takarda a Kano

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Wata biyar ke nan abin nan yana yi mini yawo a ka. Yau dai na ce bari in fara rubutawa, ko kunyar littafi ta sa in motsa.

Mafarinsa ranar 27 ga Yulin bara ce. Babu wuta, ina kwance a tabarma ina kallon wasannin Olamfik na Faris a waya, sai na faɗa kan wasu matasa biyu 'yan ƙasar Sin, Huang Yuting da Sheng Lihao, suna tsaye ƙiƙam kamar an kafa su, kowa da bindiga a kafaɗa. Su suka ci zinaren farko na gasar baki ɗaya. Bayan kwana biyu wata yarinya 'yar Koriya ta Kudu, Ban Hyo-jin, mai shekara 16, ta ɗauke na mata. Bindigar babu albarushi a cikinta, iska ce ke tura ɗan harsashin dalma mai kaurin milimita 4.5 daga nisan mita 10. Abin da ya hana ni barci shi ne ɗigon da suke nema a tsakiyar allon: rabin milimita. Ƙwayar gero ta ninka shi. Harbi 60 ake yi cikin minti 75 a zagayen farko, kuma a wannan mataki wanda ya kauce wa ɗigon nan mai maki goma sau biyu ko uku ya san ya kama hanyar gida.

Ni ɗan danƙo ne tun ina yaro. Ƙadangarun bayan makarantarmu sun sha wuya a hannuna, Allah Ya yafe mana, don sai da na girma na ji hadisin da ya hana a mayar da abu mai rai abin gwada saiti. Amma daɗin a auna a samu bai bar jikina ba.

Abu uku nake nema a cikin Kano: shagon da ke sayar da bindigar iska, wurin da ake harbi, da mutanen da ke yi. Haka na jera su, don haka hankalina ya ba ni, a sayi kaya tukuna sauran su biyo baya. Maiɗakina ta leƙa littafin ta ce, "Duk wasannin duniya ka rasa wanda za ka so sai na bindiga, a wannan zamanin?" Na yi kamar ban ji ba.

Asabar, 11 ga Janairu

Kasuwar Sabon Gari, daga ƙarfe goma har bayan Azahar, cikin hazo da ƙura. Na bi shagunan kayan wasanni ɗaya bayan ɗaya. Ƙwallo, rigunan kulob, takalma, ƙarafan motsa jiki, duk ga su nan.

A shago na farko yaron ya ce, "Akwai, Alhaji," ya shiga ciki ya fito da ta roba mai harba 'yan ƙwallaye, irin wadda yara ke addabar mutane da ita a lokacin Sallah. A na biyu ina cewa "bindiga" fuskar mai shagon ta canza. Ya ce, "Malam, mu nan ƙwallo muke sayarwa," ya juya wurin wani mai ciniki da bai ma gama shigowa ba. Daga nan na daina furta kalmar, na koma nuna hoto a waya. Wannan ya ƙara dagula al'amari, domin bindigar gasa, da ƙotarta ta alminiyam da 'yan maɓallai ko'ina, ta fi kama da kayan fim ɗin yaƙi fiye da kayan wasa.

Ina fita daga layin wani ya biyo ni, ya rage murya: "Alhaji, in da gaske kake ba ni lambarka, akwai mai kawo maka har gida, ba takarda ba komai." Na ce na gode, na tari a-daidaita-sahu. Har muka kai Ƙofar Nasarawa ina waiwaye, alhali ban saci komai ba.

Talata, 14 ga Janairu

Masu talla a Facebook da WhatsApp ba sa ƙarewa. Na yi magana da biyu. Hoto iri ɗaya suka turo mini, har tabarmar da aka ɗora bindigar a kai iri ɗaya, ɗaya ya ce yana Legas ɗaya ya ce yana Kaduna. Duka biyun rabin kuɗi suke so kafin a ɗora kaya a mota. Da na tambayi lambar rajistarsu ta dillancin makamai, ɗaya ya toshe ni, ɗayan ya ce wai ta iska ba ta buƙatar wannan. Cinikin biri a sama. Amma maganarsa ta ƙarshe ta tsaya mini a rai, don ni ma haka na ɗauka.

Asabar, 18 ga Janairu

Na je wurin abokina Barista, wanda muka yi sakandare tare. Ina gama bayani ya kwashe da dariya ya ce, "Mutumina, Allah ne Ya so ka da ba ka ba mutumin nan lambarka ba." Ya ɗauko Dokar Makamai ta 1959, wadda har gobe ita ke aiki, ya buɗe mini jadawalin da ke ƙarshenta.

Kashi uku dokar ta yi wa bindigogi. Na farko haramtattu, irin na soja da fistol, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa. Na uku masu ɗuri ta baki, wato su baushe na maharba, waɗanda Kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba wa lasisi. Na biyu, na tsakiya, su ake kira bindigogin ƙashin kai, lasisinsu yana hannun Sufeto Janar. A nan ya ɗora yatsa ya ce in karanta da bakina. Bindigar iska, doguwa da gajera, tana nan a rubuce, layi ɗaya da bindigar farauta mai baki biyu. A idon dokar Najeriya abin da yarinyar Koriya ta ci zinare da shi makami ne, kuma riƙe shi ba lasisi na iya kai mutum gidan yari har shekara biyar.

Na ce ai a Jamus duk baligi yana iya sayen wadda ƙarfinta bai wuce jul 7.5 ba, ba tare da lasisi ba, kuma na gasa ma a wannan iyaka suke. Ya ce, "To ka koma Jamus."

Ya ci gaba da karanto mini waɗanda ba a ba wa lasisi: wanda bai kai shekara 17 ba, mai taɓin hankali, mai matsalar ido da za ta hana shi riƙe makami, mashayi, da wanda aka taɓa yanke wa hukunci kan laifin tashin hankali cikin shekara biyar da suka wuce. Sayarwa sai dillali mai rajista. Shigowa da ita daga waje sai da takardar shaidar wanda zai yi amfani da kayan, daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Gajerar ta hannu kuwa tana cikin jerin kayan da kwastan ta haramta shigowa da su kwata-kwata. Sannan ya ajiye mini babban dutsen: a watan Agustan 2023 muƙaddashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ya sanar da dakatar da ba da lasisin ƙananan makamai, saboda yawan waɗanda ke yawo a hannun jama'a.

Raina ya ɓaci, amma ban ga laifin kowa ba. Duk wanda ke buɗe rediyo da safe a Arewa ya san dalili. Abin da kawai nake gani shi ne dokar da aka rubuta tun kafin samun 'yancin kai ba ta san akwai wasan da zai shiga Olamfik a 1984 ba, don haka ba ta bambanta mai harbin takarda da mai harbin barewa.

Da na dawo gida na soke jerin ranar 4 ga wata, na juya shi: mutane, wuri, takarda, shago a can ƙarshe.

Asabar, 25 ga Janairu

Umma ce ta tuna mini cewa Kawu ya taɓa riƙe irin wannan bindiga. Na same shi a zaure bayan La'asar. Ina ambatawa ya gyara zama.

Diana ce, ƙirar Jamus, ya saya a wani kanti da ya daɗe da rufewa, yana da ɗan littafin lasisinsa da yake sabuntawa. Da ita yake korar tsuntsaye a gonarsa, wani lokaci ya dawo da hasbiya biyu-uku a yi miya. Da abubuwa suka fara lalacewa ya miƙa ta ga hukuma ya huta. Abin da ya rage gwangwanin harsashin ne kawai, wanda Gwaggo ke zuba allura da maɓalli a ciki. Ya sa aka ɗauko mini na gani.

Darasin da ya ba ni ya fi duk bidiyon da na kalla. Irin tasa karyawa ake yi: ka karya bututun ƙasa, sifirin ya matse, ka sa harsashi ɗaya, ka mayar. Kana taɓa kunama sifirin ya saki fistin, fistin ya matse iska, iska ta tura dalma. Ya ce abu biyu ke kashe ta. Na farko a harba ta babu harsashi, fistin ya doki bango da dukkan ƙarfinsa. Na biyu a ɗiga mata man inji a ɗakin iska, domin matsin yana kunna man kamar yadda injin gas ke tashi, ka ji ƙara da hayaƙi, robar ciki ta ƙone. Kuma ba a damƙe ta. "Ɗora ta za ka yi a tafin hannu, ɗana, ka bar ta ta yi rawarta. Tana motsi tun harsashin bai fita ba. In yau ka riƙe ta da ƙarfi gobe ka sassauta, wuri biyu za ta kai ka."

Na ba shi labarin na zamani, masu ɗan tulun iska a ƙarƙashin bututu, da ake cikawa zuwa matsin bar 200, ba sa girgiza ko kaɗan. Ya taɓe baki ya ce to ina gwanintar? Ban yi musu ba. Da zan tafi ya ce in gaida Barista, kuma in ji maganarsa.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Filin wasa na Sani Abacha a Ƙofar Mata. 'Yan ƙwallon kwando na atisaye a ɗakin wasanni, wasu na gudu a waje. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya ce: je ka bariki. Amma filin harbin soja na horon jami'ai ne, da harsashi mai rai da nisa mai yawa, ba abin da nake nema ba ne. Wani dattijon koci ne ya ce mini mutum ɗaya ba ya kafa wasa, in tara mutane mu zama ƙungiya, mu rubuta wa hukumar wasanni ta jiha, daga nan a nemi alaƙa da hukumar wasan harbi ta ƙasa.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Wannan ita ce ranar da ta fi kowace tun da na fara. Wani abokin aikina, mahaifinsa Sarkin Baka ne a wani ƙauye kan hanyar Tudun Wada, kafin a kai dajin Falgore. Muka tafi da sassafe.

Mun same su su shida a gindin tsamiya. Na zube na kwashi gaisuwa, abokina ya gabatar da ni a matsayin mai son harbin takarda. Sai da aka maimaita sau biyu. Wani daga cikinsu ya ce, "Takardar ci ake yi?" Aka yi dariya har da tafawa. Na nuna musu girman baƙin da ake aunawa, milimita 30.5, kusan murfin gorar ruwa, na ce a tsakiyarsa kuma akwai ɗigo kamar kan allura. Dariyar ta ragu. Baba Sarkin Baka ya tambayi taku nawa. Na ce kamar goma sha uku. Ya ce a tsaye ko a jingine? Na ce a tsaye, ba jingina. Ya yi shiru, sannan ya aika yaro cikin gida ya ɗauko taɓarya.

Ya ce in ɗora ta a kafaɗa in auna wani ƙulli a jikin tsamiyar, kada in sauke sai ya ce. Ban kai ƙirga ashirin ba kan taɓaryar ya fara zana da'ira a iska, hannuna na hagu yana rawa. Ya karɓa, mutum mai shekara fiye da saba'in, ya tura ƙugu gaba, ya kafa gwiwar hannunsa a kan ƙashin ƙugun, ya saki kafaɗa. Taɓarya ta tsaya kamar an rataye ta. Ya ce, "Kai da nama ka ɗauka, ni da ƙashi. Nama yana gajiya."

Gabana ya faɗi, don wannan tsayuwar ce sak na gani a Faris. Bai taɓa ganin Olamfik ba, kuma ba ya bukata.

Na lura da yadda suke da baushensu. Ba wanda ya jingina tasa bakinta na kallon mutane. Da wani matashi ya juya da tasa garin tashi, bakin ya ratsa ta gabanmu, Baba ya daka masa tsawar da ta tashi kaji, duk da babu ɗuri a cikinta. Ya kawo hadisin da ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami, don bai sani ba ko Shaiɗan zai fizge hannunsa. Ya ce a wurinsu wanda ya yi haka sau biyu ba ya sake bin su daji. Na rubuta wannan a matsayin dokar farko ta ƙungiyar da ba a kafa ba tukuna.

Sun ƙi yarda cewa abin da nake so harbi ne. Wasa dai, in ji su. Na karɓa. Suka haɗa ni da zabi biyu.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Mun kai mutum bakwai. Barista, abokin aikina, wani tsohon soja mai ritaya da ke sallah a masallacinmu, ɗalibai biyu daga Jami'ar Bayero, ni, da wata malama mai haɗa magunguna da ɗaya daga cikin ɗaliban ya kawo, yayarsa ce. Ita kaɗai ce a cikinmu ta taɓa harba bindigar gasa. A Alƙahira ta yi karatu, ta shiga wani kulob a can, kuma tana garin lokacin da Masar ta karɓi gasar duniya ta harbi a Oktoban 2022. Ta ce matan Masar da na Iran da hijabinsu suke shiga gasa, rigar wasan ma mai kauri ce daga wuya har ƙugu, don haka cikin wasannin da iyaye a Kano za su iya barin 'ya'yansu mata su yi, wannan yana sahun gaba, in da za a raba shi da sunansa.

Sunan kuwa shi ya ci mana daren jiya. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya buɗe mana zaure a WhatsApp ya sa masa "'Yan Bindigar Iska na Kano". Ko minti biyar ba a yi ba Barista ya kira shi ya ce ya goge tun kafin wani ya ɗauki hoton allon wayar. Muna yara in aka ce 'yan bindiga, na Sarki muke nufi, masu jajayen kaya da ke buga baushe a hawan Sallah mu toshe kunne muna murna. Yanzu kalmar ta koma hannun wasu. "Maharba" kuma na su Baba ne, ba mu ci wannan suna ba. "Harbi" ma tsohon sojan ya ce a bar shi a takardun hukuma kawai. Malamar ce ta ce ai abin da ake gasa a kai saiti ne. Muka tsaya a kan Wasan Saiti.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wuri ya samu, ko in ce rabin samu. Surukin abokin aikina yana da sito a Sharaɗa, cikin masana'antun nan da suka daina aiki. Muka auna: tsawo mita 14, faɗi 6, bangon bulo ta ko'ina, ƙofa ɗaya. Mita 10 na harbi, saura na tsayuwa da tebur. Kowane mai harbi faɗin mita ɗaya yake bukata, don haka layi uku za su shiga a sake. Tsakiyar allo mita 1.40 daga ƙasa. Na sa alama da alli.

Alhaji mai siton ya kafa sharaɗi biyu, ba ya son kuɗin haya. Mai unguwa da ofishin 'yan sanda na yankin su sani a rubuce. Kuma ko ƙotar bindiga kada ta shiga masa sito sai ya ga takardar hukuma da idonsa. Barista ya ce ko shi ne zai rubuta sharaɗin iyakar abin da zai sa ke nan.

Daga nan na wuce Ƙofar Ruwa na sayi farantin ƙarfe, na kai wa mai walda ya yi mana akwatin tare harsashi: baki a buɗe, farantin baya a karkace yadda dalma za ta doka ta zube ƙasa maimakon ta dawo kan mai harbi. Cikin hira na ce masa bindigogin gasa iska mai matsi suke sha, injin mai faci ba ya kai ko kusa, tunda tayar mota bar biyu da 'yan kai take ɗauka, su kuwa 200. Ya nuna tukunyarsa ya ce in lokaci ya yi in zo ya cika mini kyauta. Da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma iskar walda ba a kusantar da ita. Iskar oksijin mai matsi in ta haɗu da maiƙon da ke cikin bindiga fashewa take yi, a hannun mai riƙe da ita. Busasshiyar iskar shaƙa kaɗai ake sa wa, da famfo na musamman ko tukunyar masu nutso. Wannan ta zama doka ta biyu.

Ta uku malamar ce ta kawo: dalma guba ce. Ba ci ba sha a layin harbi, a wanke hannu da sabulu kafin a fita, ƙasa kuma gogewa za a yi da jiƙaƙƙen tsumma, ba shara da tsintsiya ba. Ta ce wanda ya tuna yaran Zamfara da gubar dalma ta kashe a 2010 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Tsohon sojan ya yi ƙorafin shayinsa, aka ce ya sha a waje.

Asabar, 8 ga Maris

Azumi ya kama tun ranar 1 ga wata, komai ya lafa. Na kai hoton allo wani shagon buga takardu, aka buga mini 50. A gida na sa rula na ga baƙin ya koma milimita 28, injin ya matse shi don ya cika shafi. Na koma, muka yi ta gardama da yaron, shi yana ganin milimita biyu ba abin tayar da jijiyar wuya ba ne da azumi a baki. Na biya na biyu.

Juma'a, 14 ga Maris

Mun fara atisaye, da taɓarya. Shawarar Barista ce kada a sassaƙa komai mai kama da bindiga, ko na katako ne, don ranar da aka tsayar da mutum a shingen bincike ba wanda zai saurari tarihin Olamfik. Taɓarya kuwa ko a a-daidaita-sahu ka ɗauko ta iyakaci a yi maka dariya. Na ɗauki ta gidanmu, na ɗaura mata guntun rodi har ta kai kilo huɗu da rabi a sikelin mai nama, tunda dokar gasa ba ta yarda bindiga ta wuce kilo 5.5 ba. Na manna zobe biyu na ƙarfe a kanta, ɗaya kusa da ido ɗaya a can gaba, yadda in ka leƙa za ka ga zobe cikin zobe, baƙin allo a tsakiya. Haka ma'aunin bindigar gasa yake, babu madubin kusanto da nesa.

Bayan asham muke haɗuwa, da fitila mai caji biyu a kan allo. Malamar ke koyarwa, ƙaninta na rako ta. Ka tsaya a karkace, ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Ka ɗaga, ka rufe ido, ka yi numfashi uku, ka buɗe. In ka ga kanka a gefen allo kada ka ja hannu, ƙafa za ka gyara. Sannan ka fitar da numfashi ka tsaya, kana da daƙiƙa shida zuwa takwas kafin ido ya fara yaudararka. In lokacin ya wuce ka sauke ka sake. Ta ce saukewa ita ce abin da ya fi yi wa sabon shiga wuya, kuma gaskiyarta, ni sai in ji kamar na faɗi jarrabawa.

Abin da ban zata ba: bugun zuciya ana ganinsa a cikin zoben. Daren da na cika ciki da ƙosai da kunu na ɗora shayi mai kauri, baƙin allon tsalle yake yi. Daren da na ci kaɗan ya fi zama. Tsohon sojan, wanda muka ɗauka zai fi kowa, shi ya fi shan gyara, don ya saba damƙe bindiga yana jiran ta doke shi. Ya ce shekara talatin yana harbi yau yarinya ta ce masa ya saki kafaɗa. Amma yana zuwa kafin kowa.

Asabar, 22 ga Maris

Goman ƙarshe, mun dakata sai bayan Sallah. Maiɗakina ta ce a dawo mata da taɓaryarta kafin dakan Sallah, kuma a cire mata ƙarafan. Na je Kurmi na sayo mata sabuwa. Ta ce ba ta kai tsohuwar santsi ba.

Asabar, 12 ga Afrilu

Zafi ya sauka sosai, kwanon siton kamar tanda, mun mayar da haɗuwa bayan sallar Asuba ranar Asabar. Mun zama tara. Mutum biyu sun zo sau ɗaya, da suka ga taɓarya ba su dawo ba.

Mai unguwa ya zo da kansa ya gani, ya ɗaga taɓaryar ya leƙa zoben, ya ce Allah Ya taimaka, ya sa hannu a takardarmu. Wasiƙar sanarwa ta isa ofishin 'yan sanda na yankin, an buga mana hatimi a kwafinmu. Barista ya gama tsarin mulkin ƙungiya, shafi huɗu, zai shigar da neman rajista a hukumar rajistar kamfanoni da sunan amintattu uku. Wasiƙar hukumar wasanni ta jiha tana hannuna, ranar Litinin zan kai. A cikinta abin da muka roƙa kaɗan ne: a san da mu, a haɗa mu da hukumar wasan harbi ta ƙasa, kuma a nuna mana hanyar da ƙungiya, ba ɗaiɗaikun mutane ba, za ta nemi izinin bindiga biyu da za a ajiye a inda hukuma ta ga dama, a fito da su ranar atisaye a mayar. Ni da na fara da son in rataye tawa a ɗaki, yanzu ko kyauta aka ba ni ba na son ta kwana a gidana.

Shago har yau ban sake nema ba. Mutumin da ya toshe ni a WhatsApp ya buɗe ni shekaranjiya ya turo sabon hoto, tabarmar dai ita ce.

Yau na riƙe baƙin a cikin zobe daƙiƙa bakwai, sau huɗu cikin goma, malamar na ƙirgawa. Na aika wa Baba Sarkin Baka saƙo ta hannun ɗansa. Ya ce a gaya mini in ƙara wata shida sannan in zo ya gani. Akwatin tare harsashi yana jingine a bango ƙarƙashin alamar alli, fentinsa ko ƙwarzane babu. Mai gadi ya fara ajiye butarsa da sabulu a ciki, na ce ya bari sai ranar da muka nema.